Masaukin karɓa-karɓa ga babban iyali mai zuwa wuraren wasanni: tambayoyi da amsoshi

Shekarun baya mun je Orlando, garin filayen wasan Disney da ke jihar Florida ta Amurka, mu goma sha ɗaya: ni da maigida, da abokiyar zamana, da surukarmu Hajiya Babba, da yara bakwai. Tun da muka dawo, in an haɗu gidan biki ko suna a Unguwar Rimi ko Malali a nan Kaduna, sai wata ta ja ni gefe ta ce, "Anti, wai ina kuka sauka da wannan gayyar?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini, wasu daga mata, wasu kuma mazan ne suka aiko ta bakin matansu. Zan faɗi ra'ayina tun daga farko don kada in wahalar da kowa: a yi haya a irin wannan masauki, kada a saya.

Anti, mene ne masaukin karɓa-karɓa?

Shi ne abin da Turawa ke kira taimshiya. Gida ne cikakke a wurin shaƙatawa, da falo da kicin da ɗakunan kwana, amma maimakon mutum ɗaya ya mallake shi, sai a raba shekara zuwa makonni a sayar wa mutane daban-daban. Wannan yana da makonsa, wancan yana da nasa. A da mako tsayayye ake saye, ka ce na 32 a shekara naka ne. Yanzu manyan kamfanonin sun fi sayar da maki, kana kashe makin gwargwadon girman gida da lokacin da ka zaɓa. Disney Vacation Club, wanda ya fara a 1991, da maki yake aiki, haka ma Marriott Vacation Club da Hilton Grand Vacations da Club Wyndham. Akwai kuma kamfanonin musaya irin su RCI da aka kafa a 1974 da Interval International na 1976, inda mai mako a wani gari yake musanya shi da na wani garin.

Wata ta taɓa ce mini, ashe adashi ne. Akwai kama, amma adashi yana zagayowa ki kwashi naki a tashi. Nan zubin ba ya ƙarewa: bayan kuɗin saye, kowace shekara akwai kuɗin kula da gida, ko kin je ko ba ki je ba.

Dole sai mun saya kafin mu sauka a ciki?

A'a. Kamfanonin da kansu suna ba da hayar gidajen da ba kowa, kwana-kwana kamar otal. Sannan masu mako da masu maki da yawa ba sa samun zuwa, sai su ba da haya don su mayar da kuɗin kula da gida, kuma nasu ya fi sauƙi sau da yawa. Mu ta wannan hanyar muka bi.

Me za mu fara yi?

Biza. Kada a biya ko sisi na masaukin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta shiga fasfon kowa, har jariri. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne ga kowane mutum, kuma ba a mayarwa in an hana. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, a Disamban shekarar kuma aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita ba wa bizar ziyara. Don haka a fara duba sanarwar ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja kafin a faɗa wa yara komai. Alkawarin da aka yi wa yaro ba ya mantawa.

Wannan batu ya fi shafar masu hayar mako daga hannun mai shi, domin yawancinsu sharaɗinsu shi ne in ka biya ka biya.

Da me ya fi otal?

Ɗakin otal na yau da kullum a can mutum huɗu yake ɗauka, wani biyar. Mu goma sha ɗaya sai da ɗaki uku, kuma ba tabbas a ba ku su a jere. Gidan karɓa-karɓa yana da kicin da murhu da firij da tukwane, da injin wanki da na busarwa a yawancin masu ɗaki ɗaya zuwa sama. Wadda ta taɓa tafiya da yara bakwai ta san darajar injin wanki. Mun rage akwatuna sosai saboda shi.

Abin da za ki rasa shi ne mai shara da gyaran gado kullum. Yawanci sai an yi kwanaki ake zuwa, ko kuma a ranar tashi kawai. A raba wa yara aiki kamar yadda ake yi a gida.

An rubuta cewa gidan yana ɗaukar mutum takwas, mu kuma takwas ne. Ya isa?

A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, shi ya sa zan ɗan tsaya.

Mai gidan gadaje ya ƙirga. Gida mai ɗaki biyu da aka ce na mutum takwas, lissafinsa shi ne: biyu a babban ɗaki, huɗu a ɗaki na biyu a kan gado biyu, biyu kuma a falo a kan kujerar da ake buɗewa ta zama gado. Ga Bature da matarsa da 'ya'yansu ƙanana wannan daidai ne. Mu kuwa akwai kunya a tsakaninmu, kuma ita ya kamata a ƙirga. Hajiya ba za ta kwana a falo ɗanta yana gittawa ba. Matar ɗa ba za ta so ƙofar banɗakinta ta kalli ɗakin surukinta ba. Saurayi ɗan shekara sha biyar ba a haɗa shi ɗaki da ƙannensa mata. In akwai mata biyu, kowace tana da haƙƙin ɗakinta, kuma rabon kwana ba ya tsayawa don an hau jirgi. Wanda ya kwana a falo shi ne zai tashi duk lokacin da wani ya fito alwalar asuba ko ɗora ruwan shayi.

Abin da nake ba da shawara: ku zauna da takarda ku rubuta wa zai iya kwana da wa, wa zai iya haɗa banɗaki da wa. Adadin ɗakunan da ya fito shi za ku nema, ku manta da kujerar falo ko ku bar wa samari biyu.

Akwai wani tsarin gini da ya dace da mu ƙwarai. Gida ne mai ɗaki biyu wanda aka haɗa daga sashe biyu, kowane da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, da ƙofa a tsakiya mai kulle. Ɗaya yana da cikakken kicin, ɗayan ƙaramin wurin dafa shayi. Hajiya Babba da jikokinta mata a irin wannan suka zauna: da rana ƙofar tsakiya a buɗe, da dare ta ja abinta. Ku tambaya ko suna da shi.

Gida mai ɗaki uku yana kai mutum goma sha biyu a wurare da dama, har da na Disney, sai dai ba su da yawa kuma su ake fara kamawa. Sau da yawa gida biyu masu ɗaki biyu sun fi sauƙin samu, wani lokacin har sun fi araha. Ku roƙa a ba ku a gini ɗaya, amma ku sani roƙo ne, ba a lamunta.

Kuma kada a ɓoye kowa. Adadin da aka rubuta dokar kariya daga gobara ce, ba ciniki ba ne, suna iya tashin ku in kun wuce. A faɗi shekarun kowane yaro tun wajen kama gidan.

Cikin harabar Disney za mu sauka ko waje?

Ku fara sanin girman wurin. Walt Disney World, da aka buɗe a 1971, ya haura murabba'in kilomita 100, da manyan filayen wasa huɗu: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Kada a kawo filin wasanmu na Ƙofar Gamji ranar Salla a rai, inda ake zagaye komai kafin magariba. Universal kuma wani kamfani ne dabam a wani ɓangaren gari, tafiyar ta yi kamar ka tashi daga Kawo ka nufi Sabon Tasha, kuma babbar hanyar I-4 tana da nata cunkoson. Sun buɗe sabon filinsu Epic Universe a Mayun 2025.

Wanda ya sauka a gidajen Disney yana da motocin bas kyauta zuwa filayen, ba ya biyan kuɗin ajiye mota a can, kuma ana barinsa ya shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Babban amfanin a wurina shi ne iyali na iya rabuwa: mai goyo ta koma gida da azahar, manyan yara su tsaya da babansu, ba mai jiran direba. Amma da tsada. Masu makin Disney suna kama gida wata 11 kafin lokaci a wurin da suka saya, wata 7 a sauran, don haka mai son hayar maki sai ya yi sammako.

A waje akwai Club Wyndham Bonnet Creek da ke manne da harabar, da Sheraton Vistana a Lake Buena Vista, da Orange Lake a wajen Kissimmee. Gidajensu sun fi faɗi a kan kuɗi ƙasa da na Disney, sai dai kuna buƙatar mota. Ƙaramar bas ta haya mutum bakwai ko takwas take ɗauka, ba a yin lodi, kuma dokar Florida ta ce yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sai a kujerar yara. Mu mota biyu muka ɗauka, wato kuɗin ajiye mota biyu kullum, kowace dala 30 zuwa sama. A sa wannan a lissafi kafin a ce waje ya fi araha. In yaran manya ne masu son lilo mai jefa mutum sama, Universal za su fi nema, sai a sauka kusa da can.

Wane lokaci ya fi?

Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa ne a Agusta, lokacin da Florida ke da zafi mai gumi da ruwan sama da tsawa kusan kowace la'asar. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne. Ana zuwa, mu ma lokacin muka je, amma a tambayi sharaɗin mayar da kuɗi in guguwa ta hana tafiya. Ƙarshen Agusta ya fi sauƙin jama'a domin yaran can sun koma makaranta. Hutun Disamba yanayi mai daɗi ne, amma makon Kirsimeti shi ne mafi cika da tsada a shekara.

A lura da ranar shiga. Mai mako tsayayye yawanci Juma'a, Asabar ko Lahadi yake farawa, shiga ƙarfe 4 na yamma, fita 10 na safe. A daidaita tikitin jirgi da wannan, in ba haka ba za ku biya otal na kwana ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya daga Abuja ko Kano.

Anti, za mu iya tafiya da kilishi da kayan miya?

Kilishi da dambun nama a'a, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga daga nan, haka ɗanyun 'ya'yan itace. Busassun kayan miya irin su kuka da kuɓewa da yaji a ƙulle su da kyau, a rubuta abin da ke ciki, kuma a bayyana duk abincin da aka ɗauko. Wanda ya bayyana, mafi muni a karɓe. Wanda ya ɓoye ana cin sa tara.

Orlando tana da shagunan naman halal da na kayan abincin Afirka. Mu ranar farko kasuwa muka yi: shinkafa, kaji, mai, burodi, ƙwai, madara. Karin kumallo da abincin dare a gida, na rana kuma mu ƙunsa, domin Disney suna barin a shiga da abinci muddin ba a kwalba ba. Tikitin shiga na yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum guda, yaro daga shekara 10 kuɗin babba yake biya, ƙasa da shekara 3 ne kawai kyauta. Wannan ba ya raguwa. Abinci ne wurin da iyali ke iya ragewa, kuma kicin ne dalilin kama irin wannan gida.

Salla fa, da tsarki?

A sa buta a akwati, banɗakunansu ba su da ita. Alƙibla daga Florida arewa maso gabas take, a duba a waya. Akwai masallacin Islamic Center of Orlando kusa da Lake Buena Vista, maigida da samari can suka yi Juma'a. A cikin filayen, a tambayi ofishin kula da baƙi su nuna wuri mai natsuwa.

Mata 'yan'uwana, a bar kasko da turaren wuta a Kaduna. Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi, in ta yi kuka gini guda za a tasa, kuma ana iya cajin ku. A ɗauki humra da na fesawa. Wutar lantarkinsu ma mai ƙarfin volt 120 ce, ba kamar tamu ba, bakin soket ɗin kuma daban.

Yaya za mu kauce wa damfara in za mu yi haya daga hannun mai mako?

A bi ta dandalin da ke riƙe kuɗi a tsakani, irin RedWeek, ko dillalan makin Disney da aka sani. A nemi takardar tabbaci mai sunan wanda zai karɓi makulli, yadda yake a fasfo. Sannan a kira masaukin da lambar da kuka samo da kanku, ku ji sunanku daga bakinsu. Kada a tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wanda aka haɗu da shi a Facebook. A kuma tambaya ko makon nasa ne ko musayarsa ya yi, domin RCI ta hana ba da hayar makon musaya, in suka gano suna soke shi, ku kuwa kuna bakin ƙofa da akwatuna.

Akwai kuɗin da ba a faɗa da farko?

Akwai harajin masauki, kashi 12.5 cikin ɗari a gundumar Orange inda Orlando take. Wasu wuraren suna ƙara kuɗin hidima na kullum da na ajiye mota, kuma ana riƙe wani abu a katinka ranar shiga. A tabbatar katin yana aiki da dala kafin a bar gida.

An ce za a ba mu tikiti kyauta in muka saurari bayani na minti 90. Mu je?

Mun je, kuma na yi da-na-sani. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Suka ce sai miji da mata tare. Minti 90 ya zama kusan awa uku, yara suna can suna jira, yinin da muka biya kuɗinsa yana tafiya. Wannan ya gama sai ya kira na gaba da shi da farashi mai sauƙi, shi ma ya kira wani, kowa na cewa yau ne kawai. Sun iya magana, sun lura maigida mai son faranta wa iyali ne, sai suka riƙa nuna masa hoton jikoki suna wanka a tafkin wurin nan da shekara ashirin. Mutumin da ya taso da kunyar cewa a'a ga wanda ya ba shi shayi yana cikin hatsari a wannan ɗakin. Da ƙyar muka fito ba mu sa hannu ba.

Wanda ya riga ya sa hannu, dokar Florida ta ba shi kwana 10 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. A rubuce ake yi, zuwa adireshin da ke cikin yarjejeniyar. Kada a bari sai an dawo gida.

To me ya sa kika dage kada a saya?

Saboda lissafin ba ya fita ga mazaunin Kaduna. Kuɗin saye a hannun kamfani yakan haura dala dubu 20, kuɗin kula da gida kuma ya haura dala 1,000 a shekara a matsakaici, yana kuma ƙaruwa. Da dala ake biya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya saya kafin nan nauyinsa ya ninka uku yana zaune a gidansa. Ga biza da ba a hannunka take ba. Ga shi yara suna girma, wanda ke kukan ganin Mickey bana, baɗi wani abu yake so.

Sayarwa kuma wuya. Ba fili ba ne a Millennium City da za ka ajiye ya yi daraja. Ana sayar da na hannu da asara mai yawa, wasu kyauta suke bayarwa don su huta da kuɗin shekara. Masu damfara sun san haka, suna kiran mai gida su ce sun samo mai saye, ya fara turo kuɗin aiki. Irin mai takardar mallaka kuma yana shiga gado tare da nauyin biyansa.

A addinance ya halatta?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan yarjejeniya a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta ta bisa sharuɗɗa, ko a matsayin sayen kaso ko a matsayin hayar amfani, muddin gidan da lokacin sanannu ne. An ma yi irin tsarin a hasumiyar Zamzam da ke Makka. Matsalar tana wajen biya: kamfanonin Amurka suna ba da bashin saye da ruwa mai nauyi, wannan kuwa riba ce. Hayar mako guda ba ta da wannan damuwar. Mai niyyar saye ya kai wa malaminsa takardar kanta ya karanta.

In Amurka ba ta yiwu ba fa?

Kusa da Disneyland Paris, da aka buɗe a 1992, akwai Marriott's Village d'Ile-de-France mai gidaje masu ɗaki biyu da uku. A Afirka ta Kudu akwai Sun City da gidajen Sun Vacation Club da wurin wasan ruwa na Valley of Waves, ga gandun dajin Pilanesberg a gefensa. Tsibirin Yas na Abu Dhabi yana da Ferrari World da Warner Bros. World, dukansu a rufe da sanyin na'ura, Dubai kuma tana da Motiongate da Legoland. A can gidajen haya masu kicin sun fi yawa, halal da masallaci kuma ba abin nema ba ne. Kowace ƙasa dai a fara da bizarta.

Za mu tafi da Hajiya, ƙafarta ba ta da ƙarfi. Me za mu nema?

A nemi gidan ƙasa ko gini mai lifta, domin wasu tsofaffin gine-ginen matakala ce kawai. A nemi banɗaki mai shawa da ake shiga a tsaye, ba kwamin wanka mai tsallakawa ba, a kuma roƙi ginin da ke kusa da tashar bas ko wurin ajiye mota. A filayen ana ba da hayar keken guragu a bakin ƙofa. Hajiya Babba ta ƙi hawa ranar farko, ta ce ita ba mara lafiya ba ce, sai da jikanta ya ce shi zai tura ta sannan ta yarda. Daga nan muka tsara kwana biyu a fita, kwana ɗaya a huta. A ranakun hutu takan zauna a baranda da carbinta, ƙananan suna wasa a tafki inda take hango su, mu kuma mu ɗora tuwo da garin masarar da muka samo a shagon Afirka.